Maganin Motar da Ke Rawar Ɗari

Alhaji, idan ka shigo ta Ƙofar Doka ka nufi Babban Dodo, ɗan acaɓa ya gitta, akuya ta biyo bayansa, ka taka birki sai sitiyari ya kama makyarkyata kamar mai masassara, to kada ka garzaya neman rubutun sha. Ba iska ba ce ta shige ta, faifan birki ne.

Ƙafarka dai 'yar aike ce. Da ka taka, man birki zai bi ta ƙananan bututu ya tura fad guda biyu, su damƙe faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gudu ya koma zafi, mota ta tsaya. Muddin fuskar faifan sumul take, shi ke nan. Amma in wani gefe ya fi wani kauri, ko da na silin gashi ne, kowane zagaye sai fad ya yi tuntuɓe, tuntuɓen ya hau har hannunka.

Saboda haka ka sa ido a kan mutum biyu. Na farko yaron wankin mota, wanda kana isowa daga Kaduna, faifai na huci, zai sheƙa masa bokitin ruwan sanyi. Ce masa ya jira ta sha iska tukuna. Na biyu mai faci, wanda ke hawa kan sifana da ƙafa yana tsalle kamar ɗan dambe, ya ɗaure noti ɗaya tamau, ya bar ɗan'uwansa sako-sako. Lallaɓa shi ya ɗaure su daidai, wannan sannan wanda ke fuskantarsa.

Kafin ka je gareji, saurari inda rawar take. In a sitiyari ce, ciwon na gaba ne. In kujera ce ke girgiza ka, a duba baya. In kuwa birki ya yi ta bugun tafin ƙafarka sa'ad da ka taka da ƙarfi a kan yashi, ABS ce ke aikinta, kada ka ɗaga ƙafa.

Man birki yana shan danshi, a sauya shi duk shekara 2. Fad da ya cinye har kaurinsa ya koma milimita 3 ya gama yi maka hidima, sallame shi.

Lungunan Kwarbai da na Limancin Kona cike suke da yara masu zuwa makarantar allo. Don Allah ka kai motar wurin bakanike kafin Juma'a.