Ranar da Na Yi wa Surukina Fenti

Injin ɓarar gyaɗa ne sila. Surukina ya ranta mini kuɗin, na sayo ƙarafa a Ƙofar Ruwa a Kano, wani mai walda a Gaya ya harhaɗa, muka ɗaura masa ƙaramin injin fetur irin na ban-ruwa, aka sauke mini shi a ƙofar gida a Gafasa. Ƙarfe tsirara kuwa ba ya jiran damina, raɓar kaka ma ta ishe shi ya fara tsatsa. Mai waldar ya ce in goge maiƙon da sabon ƙarfe ke zuwa da shi, in bi da samfefa, in shafa jan fentin nan na kariya siriri-siriri, in bar shi ya bushe sarai. Jan da ke cikin fentin ma ɗan'uwan tsatsa ne, sinadarinsu ɗaya, wato da kuɗinka za ka sayi tsatsa a gwangwani don ta kori 'yar'uwarta. Ya kuma ce kada fenti ya shiga kwarin fuli, inda bel ke zama. Wannan ya faɗe shi ne na riga na hau babur, ga ƙarar janareta, don haka ko gaban alƙali aka je ina da abin faɗa.

A gindin darbejiyar ƙofar gidanmu akwai wani dattijo mai rake. Bai taɓa riƙe buroshi ba, amma tunda na buɗe gwangwanin bai rufe baki ba. Shi ya ce tinna ɓarnar kuɗi ce, in sirka da kananzir. Shi ya ce shafa siriri aikin marowata ne, in labta yadda jikokina za su gada. Fentin mai kuwa daga sama yake fara kamewa, in ya yi kauri sai ya zama kamar kunun da ya huce: fata a sama, ruwa a ƙasa. Kananzir kuma ya fi tinna jinkirin tashi. Na labta wa ƙafafu, na labta wa murfi, na cika kwarin fuli taf, har makunnin injin bai tsira ba. Da safiyar Juma'a na ɗan dangwala yatsa, na ji a bushe, na ɗaura bel, na aika a gaya wa Baba, wato surukin nawa.

Ana saukowa daga masallaci sai ga shi da abokansa, cikin farar shadda sabuwa fil, ta sha bugu tana ɗaukar ido. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gaishe su. Sannan da bakina, ba wanda ya sa ni, na ce, "Baba, ku tsaya ta nan, an fi gani." Inda na nuna masa kuwa saitin fuli ne daidai.

Ya ce a yi addu'a tukuna. Mai rake ya leƙo ya ce ai albarka ta fi shiga inji yana aiki, a tayar sannan a roƙa. Baba ya ɗaga hannuwa, ya rufe ido. Na ja igiya.

Irin waɗannan ƙananan injuna kan juya har sau 3,600 a minti ɗaya. Bel ya ciji kwarin fuli, ya yage fatar nan, ɗanyen da ke ƙasa ya sami hanya. Fuli kuma ba ya watsi barkatai, a layi ɗaya yake jifa, saboda haka na hagun Baba da na damansa ko ɗigo bai taɓa su ba. Shi kaɗai. Jan layi ya taso daga tsakiyar hula, ya bi goshi, ya hau karan hanci, ya ratsa farin gemu, ya gangara ta aikin wuya har bakin riga, ya koma sama ya sake. Tafukan da ya shimfiɗa suna ta tara.

Baba bai motsa ba. Mutum ne mai natsuwa, ya ɗauka feshin hayaƙin inji ne, ya ci gaba da addu'arsa. Abokansa idanu a rufe suna amin. Ni kuma ina lalube ina neman makunni, ja a cikin ja, ban gan shi ba.

Sai na ga hannuwan sun fara tashi za a shafa.

Wannan tashin hannun nake ta gani tun jiya, ko na rufe ido ko na buɗe. A hankali suka taso, cike da fenti. Ina da lokacin yin magana, wallahi ina da shi. Amma wane irin suruki ne zai daka wa uban matarsa tsawa ana tsakar addu'a? Sunansa ba na iya faɗa, hannunsa ba na iya kamawa. Bakina ya buɗe, abin da ya fito kawai shi ne "Amin." Ya shafa tun daga goshi har haɓa, ya kama gemu ya murza shi a tsanake yadda ya saba, sannan ya buɗe ido ya dube ni yana murmushi, fari a fuskar nan babu sai ido da haƙora.

Wani yaro ne ya zare wayar fulogi injin ya mutu. Abokan Baba kowa ya sami abin kallo a ƙasa, ɗaya kafaɗunsa na rawa, wai tari ne ya sarƙe shi.

Mai rake ya taso da wuƙarsa a hannu, ya zagaya Baba yana nazari. Ya ce, "Alhaji, kada a wanke. A juya a yi wa bayan ma, sai a ce sabon yayin ɗinki ne daga birni." Ya dube ni ya ce, "Kai kuma ɗan nan, da shuɗi ka saya. Shuɗi ya fi hawa farar shadda." Ya ƙara da cewa zamanin dalar gyaɗa a Kano da hannu suke ɓara, bai taɓa jin ta ɓata rigar kowa ba. Da wani ya tambayi abin da zai fitar da fenti daga gemu, ya ce man gyaɗa ne maganinsa, kuma an yi sa'a ga inji a kusa: a ɓare yanzu, a soya, a kai niƙa, mata su matse, zuwa jibi Alhaji ya sami na wanke fuska.

Baba ya dubi tafukansa, ya dubi injin, ya ce, "To, yana dai aiki." Ya juya ya nufi gida, yara na biye da shi.

Ina tsugune ban tashi ba mai rake ya dafa kafaɗata, ya rage murya, ya ce in akwai ragowa a gwangwanin in taimaka masa, baronsa ya fara tsatsa.