Cizal Ɗan Japan da Injin Giranda

An ce akwai wani kafinta a birnin Daura, shagonsa na bakin titin da ya nufi Mai'aduwa, wanda ƙaninsa ya je kwas Japan ya dawo masa da tsarabar cizal. Ƙirar garin Miki ce, a lardin Hiyogo, inda maƙera suka yi ɗaruruwan shekaru suna ƙera kayan aikin kafintoci. A can ƙasar tasu, tun da hukuma ta hana yawo da takobi a 1876, maƙeran takubba da yawa suka mayar da gwanintarsu kan wuƙaƙe da kayan sassaƙa.

Tare da cizal ɗin akwai duwatsun washi biyu, ɗaya an rubuta masa 1000, ɗaya 8000. Ƙanin ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla: a jiƙa mai kaushin da ruwa, a fara daidaita bayan cizal, sannan a kwantar da bakinsa a kan dutse, a yi ta kai da komowa ba tare da hannu ya karkace ba, har sai ɗan siririn gashin ƙarfe ya fito a baki. Daga nan a koma kan mai laushin a goge shi, har bakin ya yi sheƙi. Kafinta na ta gyaɗa kai, hankalinsa na kan yadda zai nuna wa abokan sana'a. Da ƙanin ya tafi, dutse ɗaya ya zama abin tokare ƙofa, ɗayan aka cusa shi ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

Cizal ya yi aiki, babu ƙarya. Yana shiga maɗaci salin-alin, ya bar gefen rami sumul. Kowa ya zo sai an ciro an nuna masa, a faɗa masa daga inda ya fito. Amma duk abin da ke yanka sai ya dakushe. Ranar da bakin ya fara tirjewa, ga odar gadon amarya, ga biki ya matso, sai kafinta ya miƙa wa yaron shago ya ce ya kai wa mai walda ya ɗora a giranda.

A bencin shagon akwai wani tsohon masassaƙi daga wajen Sandamu, mai kai turame da akusa kasuwar Mai'aduwa, ya tsaya shan inuwa. Ya karɓi cizal ɗin ya juya shi, ya nuna wani layi da ya ratsa bakinsa.

"Ɗana, ka ga wannan? Ƙarfe biyu ne aka haɗa a wuta. Na ƙasan nan siriri shi ne mai taurin, shi ke yanka. Na saman mai laushi ne, goyon ɗan'uwansa yake yi don kada ya karye. Wannan kwarmin da ke bayansa kuma don washi ya yi sauƙi ne. Wanda ya ƙera shi da dutse da ruwa ya nufe shi. Kada ka kai shi wuta."

"Baba, wannan zamanin inji ne. Abin da za ka wuni kana gurzawa, minti biyu ya ishi giranda."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Giranda ta yi kuka, tartsatsi ya tashi. Yaro ya dawo da cizal yana ƙyalli, bakinsa ya yi wani shuɗi-shuɗi. Kafinta ya ce ai har ado aka ƙara masa. Bai san cewa ƙarfe ba ya yin wannan launi sai zafinsa ya kai wajen digiri 300 ba, kuma duk inda shuɗin ya taɓa, taurin da maƙeri ya sha wahala ya ba shi ya tafi ke nan. A ido kaifi ne, har gashin hannu ya aske. Da aka ɗora shi a kan katako aka buga sau uku, sai bakin ya lanƙwashe.

Nan fa aka shiga neman mai laifi. Katako ne bai bushe ba. Yaron shago ne mai baƙin hannu. Mai walda ne bai iya ba. Daga ƙarshe aka yanke hukunci cewa kayan Japan suna ne kawai. Ba wanda ya dubi ƙofa, balle ƙafar tebur.

Tsoho ya sunkuya ya zaro dutsen daga ƙarƙashin tebur, ya karkaɗe masa ƙura, ya ce: "Yana gyaruwa, amma sai an cinye duk inda ya ƙone. Washin da ka guje wa na rabin awa ne, yanzu ya zama na wuni guda, kuma cizal ya rage tsawo har abada."

Ni dai zancen cizal nake yi. Ban ambaci uban da Allah ya ba yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya fizge shi daga aji huɗu na firamare ya jefa shi sakandare don a ce ɗan wane ya yi zarra ba. Ban ce komai ba a kan wanda ke bin dare da kuɗi a aljihu yana neman inda za a rubuta wa 'yarsa jarrabawar fita, sakamako ya fito yana ƙyalli, ranar da aka ce ta rubuta takardar neman aiki alƙalami ya ƙi tafiya. Haka kuma ban taɓa wanda ke matsa wa malamin allo ya yi wa yaro sauka kafin Sallar Gani, alhali ko Izu biyar bai zauna masa ba, sannan gobe ya ce malaman yanzu ba su iya koyarwa ba.

Shekara shida aka ɗibar wa firamare, kuma waɗanda suka ɗiba ba su rasa lissafi ba. Wanda yake da dutse a ƙarƙashin tebur, ya sunkuya ya ɗauko tun bakin bai ƙone ba. Wanda kuma ya ji zancen nan ya sosa masa rai, to, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.