Majar Mafarauta a Falon Alhaji

Kowane zamani da abin da mai kuɗin Keffi ke girkewa a falo domin baƙo ya san inda ya shigo. A zamanin iyayenmu jeren tangaran ne a kabad mai gilashi. Aka zo yayin dish a kan rufi, sai talabijin mai cin rabin bango, sai fitila mai lilo wadda ba a taɓa ganin ƙwayayenta sun kama gaba ɗaya ba. Yanzu iskar Abuja ta sake kaɗowa ta Mararaba da Masaka da sabon yayi: ƙaton akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, kifayen teku na shawagi a ciki. Kifayen ma sai mafarauta, masu haƙori da dafi, domin babban mutum ba ya kiwon mai cin ganye.

A tuna fa, a Keffi muke, inda Kogin Antau shi ne tekunmu, shi ma in rani ya tsananta sai a tsallake shi da takalmi a ƙafa. Wanda ya bar garin nan da asuba a mota, in hanya ta yi kyau, sai da dare zai shaƙi iskar teku a Legas. Amma Alhaji ya je ɗaurin aure Maitama, ya ga akwatin a gidan abokinsa, ya dawo ya ce a yi masa wanda ya fi wancan da taƙi biyu.

Akwatin Alhaji na cin lita 1,000, wato jarka 40 ta mai ruwa. Ruwan teku kuwa na ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, ka ga ana neman kilo 35 ke nan tashin farko. Nan majalisar ƙofar gida ta samu abin yi. Wani ya gyara hula ya ce, "Ranka ya daɗe, jihar da ke da Keana da Awe ce za a ce babu gishiri? Ba ni mota, gobe war haka buhu biyu na ƙofar nan." Yaron da ya zo haɗa kayan daga Abuja ya yi ta bayani cewa gishirin daban ne, haɗi ne na musamman da ake shigo da shi daga waje, kuma ruwan burtsatsen ma sai an tace shi da inji. Ya ƙara da cewa bayan an zuba ruwan sai an bar shi makonni babu kifi, har ƙwayoyin halittar da ke narkar da gubar kashin kifi su yaɗu. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. Mutum ya kashe miliyoyi, sannan baƙi su yi wata guda suna zuwa kallon ruwa? Ga shi walimar buɗe gida ranar Asabar.

Al'adarmu ce mu saya tukuna, sannan mu tambaya. Sai da kifayen suka sauka cikin leda da kwali, sannan aka tuna a tambaya ko za su zauna lafiya da juna. Duk wanda ya taɓa ganin yadda manyan 'yan siyasa ke haɗa maja gab da zaɓe ya san irin wannan zama: kowa ya shigo da murmushi, kowa kuma yana auna faɗin bakin na kusa da shi.

Ga na farko, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan zaki. Ya fi kowa ado, yana tafe a hankali cikin malum-malum mai ratsin ja da fari, ba ya hayaniya da kowa. A jikin adon akwai ƙayoyi 18 masu dafi, kuma duk abin da ya shiga bakinsa ya zama tarihi. Asalinsa daga tekun Indiya da Fasifik yake. A 1985 aka fara ganinsa a gaɓar Fulorida ta Amurka, ana kuma kyautata zaton masu irin sha'awar Alhaji ne suka gaji da shi suka sake shi. Yau ya mamaye tekun Karibiyan, har hukumomi na roƙon jama'a su kama shi su ci.

Na biyu mai siffar maciji ne, ana ce masa more. Idonsa ba ya gani sosai, da hanci yake farauta, shi ya sa ba ya bambance abinci da yatsan mai ba shi abincin. Yana da muƙamuƙi na biyu a cikin maƙogwaro mai jan abin da na farko ya kama, saboda haka abin da ya shiga hannunsa ba a maganar a dawo da shi. Shi ne kuma sarkin sauya sheƙa: in aka bar ƙaramar kafa a murfi, da safe a kan kafet za a same shi.

Na uku gurufa. Ana kawo shi ɗan mitsitsi mai ɗigo-ɗigo, har Hajiya ta ce wannan kam ɗan albarka ne. A ba shi lokaci, zai kai rabin mita, kuma ba ya ko wahalar cizo. Baki kawai zai buɗe, ruwa ya shige da maƙwabci. Na huɗu tiriga, ɗan bangar gidan, mai ture duwatsu, mai cizon wayar na'ura, mai yagar rigar zaki ba tare da tsoron dafinsa ba. Na biyar talibambam na teku, wanda da an taɓa shi sai ya kumbura ya ninka kansa, haƙoransa kuma ba sa daina tsiro, dole a riƙa ba shi jatan lande da ƙaguwa da ɓawonsu yana gurgura.

Masana harkar suna da ƙa'idoji, kuma duk sakataren jam'iyya ya kamata ya haddace su. Kada a haɗa biyu in ɗaya zai shiga bakin ɗaya. Kowa a ba shi kogonsa, kada a ce su yi karɓa-karɓa. Mafi tsiwa shi ake sakawa a ƙarshe, domin in ya riga kowa shiga zai ɗauka gidan na ubansa ne. In za a kawo baƙo, a hargitsa duwatsun domin tsofaffi su ruɗe da neman nasu wurin. Sabon zuwa a killace shi makonni a gani ko da cuta ya zo. Sannan kada a yi wasa da rabon abinci, domin yarjejeniyar duk a kansa ta tsaya.

Abin dariyar, babu ɗaya cikin wannan da yake sabo a wajenmu. Duk mai kiwon tarwada a bayan gari ya san in bai riƙa tace 'ya'yan kifi yana ware manya daga ƙanana ba, zai zuba dubu ya kwashe 'yan ɗari, masu ƙiba. Giwan ruwan da muke murna da shi a Argungu, da aka kai shi Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ƙananan kifaye iri-iri sama da ɗari ya shafe. Mai gadin Alhaji ya taɓa aiki a gonar kifi, ya kuma durƙusa ya ce, "Yallaɓai, wancan mai ɗigon zai cinye 'yan'uwansa." Aka ce ya koma bakin ƙofa, wannan ba tarwada ba ce, kifin Turai ne, yana da tarbiyya.

Sai batun wuta. Kifayen na son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27, a garin da Maris da Afrilu ke gasa mutum a inuwa. Ga injin sanyaya ruwa, ga famfon iska, ga matata, kuma in suka tsaya na 'yan sa'o'i kifi ya fara haki. Don haka janareta ke kwana yana ruri saboda falo, yara na fifita da kwali a ɗaki. Hajiya ta leƙa firiza ta ga jatan landen kifi ya fi naman miyarta tsada, ta ce, "Alhaji, yanzu wannan kifin da muke ciyarwa, yaushe za a ci shi?" Ya ce ba na ci ba ne, na kallo ne. Ta ce to Allah ya kyauta, ita dai ba ta taɓa jin inda kifi ke cin mutum da ransa ba sai a gidan nan.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. More ya sauya sheƙa zuwa kafet. Tiriga ya yage zaki har ya daina cin abinci. Talibambam ya kumbura kumburin ƙarshe a daren da man janareta ya ƙare. Tiriga kansa aka wayi gari babu shi babu labarinsa, ba a kuma kafa kwamitin bincike ba. Gurufa ne kaɗai ya rage, ya yi ɓul-ɓul, yana kai da komo shi ɗaya a lita 1,000. Majalisa ta shigo ta yi wa Alhaji barka, ta ce ba a taɓa ganin zaman lafiya irin na akwatin nan ba, ko gardama babu. Alhaji ya gyara zama ya ce ai dama haka ya tsara: sauran duk janye masa suka yi, shi ne ɗan takarar maslaha.