Jinjina ga Gidan Sackler

A gaishe da iyalan gidan Sackler, waɗanda suka mallaki kamfanin Purdue Pharma na Amurka, iyayen gidan duk wani mai fataucin ƙwaya a duniya. Masu fasa-ƙwaurin Meziko suna haƙa rami ta ƙarƙashin iyaka, suna cusa kaya cikin tayar mota, suna kwana da bindiga a hannu. Wahalar banza! Ku da lasisin hukuma kuka yi naku, da rana tsaka. Likita ya rubuta, kantin magani ya miƙa, kamfanin inshora ya biya.

A 1996 kuka fito da OxyContin, ƙwayar kashe raɗaɗi, 'yar uwar hirowin ta jini. Wakilanku suka bi likitoci ofis-ofis suna tabbatar musu cewa ko mutum ɗaya cikin ɗari ba zai kamu da jarabarta ba. Allah ya ba ku basira, domin ba ku ɓata lokaci wajen neman 'yan shaye-shaye a lungu ba. Kun nufi mahaƙin kwal na West Virginia da Kentucky da bayansa ya lalace a rami, da dattijuwar da aka yi wa tiyata, da saurayin da ya karye a filin ƙwallo. Mutanen da suka yarda da likitansu ne, abin da aka ba su suka sha, kuma yadda aka ce su sha. Da almajiranku na sauran kamfanoni suka ga hanya ta buɗe, har sun so su fi malam: garin Kermit mai mutum kusan 400, an kai wa kantin magani guda a cikinsa ƙwayoyi kusan miliyan 9 a shekara biyu.

Dokar Amurka ma ta cancanci tata jinjinar, don ta san mutunci. Tun 1971 Shugaba Nixon ya ayyana shan ƙwaya a matsayin babban abokin gabar ƙasa. A 1986 aka yi dokar da ta yanke wa wanda aka kama yana sayar da giram 5 na kirak, wata irin hodar ibilis da ta fi yawo a unguwannin baƙar fata, ɗaurin aƙalla shekara biyar. Mai hodar ibilis ta masu hali kuwa sai ya kai giram 500 kafin ya sha irin wannan hukunci. Samari suka tsufa a kurkuku. Shi kuwa kamfaninku, da ya amsa laifin yaudara a 2007, tarar dala miliyan 600 aka ci shi, manyan jami'ansa uku suka koma gida suka kwana a gadajensu. Cikin shekaru goma da suka biyo baya kuka kwashi fiye da dala biliyan 10 daga asusun kamfanin. Ya sake amsa laifi a 2020. El Chapo, uban masu fataucin ƙwaya na Meziko, yana ɗaurin rai da rai tun 2019, ɗan gidan Sackler ko ɗaya bai taɓa kwana a gidan yari ba. Adalci ya yi kyau.

Kuma ba ku da rowa. Da aka sauya ƙirar OxyContin a 2010, likitoci suka fara ɗari-ɗari da rubutawa, waɗanda jaraba ta riga ta kama suka koma titi neman hirowin, daga baya fentanil, wadda ta ninka hirowin ƙarfi kusan sau 50. Kun share gona, masu fataucin ƙwaya na Sinaloa ta Meziko suka zo suka yi shuka.

Babbar bajintar ita ce rage wa ƙasa guda kwana. A 2014 ana ƙiyasta wa jaririn Amurka shekara 78.9 a duniya. A 2017 ta koma 78.6, babu yaƙi a cikin ƙasa, babu yunwa. A 2021 ta faɗo 76.4. Korona ce ta ɗauki kaso mafi girma, amma a shekarar mutum fiye da 106,000 ƙwaya ta kashe, kusan ninkin sojojin Amurka da suka mutu a duk yaƙin Biyetnam. Mutuwar tsoho ɗan tamanin ba ta girgiza wannan lissafi sosai. Naku mamatan 'yan talatin ne da arba'in, kowanne ya tafi da shekaru masu yawa da bai ci ba, ya bar wa kakanni renon marayu.

Duk da haka mutane butulu ne. Gidan tarihi na Louvre a Faransa ya kankare sunanku daga bangonsa a 2019, na Metropolitan a New York ya bi sahu a 2021, bayan duk kyautar da kuka yi musu. Sun manta da tausayinku. Ai a 2018 sunan Richard Sackler ya fito cikin waɗanda aka ba haƙƙin mallakar wani sabon magani na raba mutane da jarabar irin ƙwayar da gidansu ya sayar musu.