Sannu da Aiki, Malam Dije

Gaishe ka, Malam Dije, mai girgiza kwanon rufi, mai hana unguwa barci! A da sai an aiki yara gida-gida da goro da alewa kafin a san ana biki. Yanzu ka hutar da kowa. Kana jera lasifikokinka a bakin layi ka tayar da janareta, unguwa uku sun san an ɗaura aure. Mai jego, da tsohon da hawan jini ya kwantar, da ɗalibar da za ta zauna jarrabawa gobe, duk ka kai musu bikin har kan shimfiɗa, ba ka ware kowa ba.

Masana da ƙa'idojinsu! Wai ƙara ma aunawa ake yi, da wani ma'auni mai suna desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 take. Idan ƙara ta kai 85, awa takwas ce iyakar abin da kunne zai ɗauka lafiya, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 kuwa minti 15 kacal. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicin ƙara a wuraren kiɗa ya wuce 100. Najeriya ma tana da dokar taƙaita ƙara tun 2009. Kai ina ruwanka? Ma'auninka ya fi nasu sauƙi: sai kiɗa ya riƙa dukan ƙirji, uwar amarya ta kafa baki a kunnen ƙanwarta tana ihu, ita kuma tana cewa "Na'am, Yaya?", sannan hankalinka yake kwanciya.

Amma inda ka fi cancantar yabo shi ne wajen yara. Manya suna can kan kujeru, yara kuwa ka ba su sahun gaba, dab da bakin lasifika, har rigunansu na kaɗawa. Ga jaririn da ke goye a bayan yayarsa, ba shi da bakin cewa a rage, ba shi da ƙafar gudu, shi ma yana samun rabonsa cif.

Kuma aikinka mai tsafta ne, ba jini, ba kumburi. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ke miƙa sauti ga jijiyar ji. Ƙara mai tsanani tana kashe su, waɗanda suka mutu kuma ba sa sake tsirowa. Wannan ziii ɗin da mutum ke kwana da shi bayan an watse, tsarabarka ce. Ranar da malami zai ce yaron ba ya ji a aji, dukansa za a yi a ce taurin kai ne, babu mai tuna sunanka.

Yanzu da kai nake, Alhaji mai biki, don kai ka biya kuɗin. Akwai manhajar auna ƙara da ake saukewa a waya. Tsaya da ita inda yaran ke rawa ka ga lambar da idonka. Ko babu waya, idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye gabanka ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. Ka ce a rage, a janye yara daga bakin lasifika, shi dijen ma ka saya masa matoshin kunne. Kurumtar da ƙara ta jawo ba ta warkewa.