Ku da Kuka Ce Aikin Marasa Aikin Yi Ne

Na ji ku, jama'a. Tun ban rufe baki ba a kan cewa akwai masu raba dare suna warware rubutun ɓoye, Malam ya gyara zaman hularsa ya ce, "Allah Ya sawwaƙe, wannan ai shirmen Turawa ne." Hajiya ta taɓe baki. Alhajinmu na Kantin Kwari kuwa, kun dai san Bakano, tambaya ɗaya ya yi: "Nawa ake samu?" To, ku gyara zama. Ba zan ce ku shiga ba. Labarin yadda waɗanda suka fi ku taurin kai suka afka kawai zan ba ku.

Wasan ba shi da wani tsafi. A ɗauki jimla, a musanya kowane harafi da wani harafin, ko da lamba, ko da wata alama, a miƙo maka a ce karanta. Takardar na hannunka, idonka na kanta, amma ta ƙi yi maka magana.

Malam, da kai zan fara. Wanda ya fara rubuta hanyar buɗe irin wannan kulli ba Bature ba ne. Al-Kindi ne, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, cikin wata risala da ta daɗe kwance a ma'ajiyar littattafai a Istanbul, sai a 1987 aka fito da ita aka buga. Dabararsa ƙirga ce. Kowane harshe yana da harafin da ya fi 'yan uwansa yawan fitowa, kamar alif da lam a Larabci. Sai ka ƙirga alamomin takardar, wadda ta fi yawa ka zarge ta da zama wannan harafi, ka gwada, ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Kuma Allah gafarta Malam, ba kai ba ne kake zama da almajirai kana fitar da shekara daga ramzin da mawaƙin ajami ya saƙa a baitin ƙarshe? Da ka haɗa lissafin haruffan shekara ta fito, wa ya yi murmushi har gemu na rawa? Don haka a daina yi mini fuskar shanu.

Wanda ya mayar da abin cuta mai yaɗuwa wani marubuci ne ɗan Amurka, Edgar Allan Poe, kuma cika baki ya jawo masa. A Disambar 1839, cikin jaridar mako-mako ta Alexander's Weekly Messenger da ke Filadelfiya, ya yi kurari cewa duk mai ji da kansa ya musanya haruffa yadda ya ga dama ya aiko, shi zai karanta. Kun san halin ɗan Adam. Ka ce masa zo ka koyi ilimi, sai ya ce yana da uzuri. Ka ce masa ba ka isa ka ɗaure ni ba, sai ya kwana bai runtsa ba. Wasiƙu suka yi ta zubowa, Poe yana buɗewa yana bugawa yana ƙara musu da baƙar magana. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka: daga baya shi da kansa ya koka a wata wasiƙa cewa lokacin da ya ɓatar a kan wannan aiki ya fi ƙarfin dala dubu.

Yauwa, Alhaji, na ga ka ɗago kai da aka ambaci kuɗi. A 1843 Poe ya rubuta gajeren labari mai suna The Gold-Bug, ya ci gasar jaridar Dollar Newspaper, aka ba shi dala 100. Labarin wani mutum ne da ya tsinci 'yar fata mai ɗauke da lambobi da alamomi, ya zauna ya ƙirga, ya ga lamba 8 ta fito sau 33, ya ce wannan ita ce "e", harafin da ya fi yawa a Ingilishi, daga nan ya bi zaren har ya tono dukiyar da ɗan fashin teku Kyaftin Kidd ya binne. Wayon Poe shi ne bai ɓoye hanyar ba. Ya baje ta mataki-mataki, mai karatu ya rufe labarin yana cewa, "Af, ashe ni ma zan iya."

Amma kada ka yi saurin rufe shago. Dukiyar cikin labari take, shi Poe da talaucinsa ya mutu a 1849. Akwai ma wasu rubutun ɓoye guda biyu da ya buga a mujallar Graham's a 1841, ya ce wani W. B. Tyler ne ya aiko, wasu kuma na zargin shi ne ya ƙirƙiri Tyler ɗin. Na farko sai a 1992 aka buɗe shi. Na biyu sai a 2000, hannun wani injiniyan manhaja, Gil Broza, wanda ya karɓi ladan dala 2,500. Shekara 159 ana jira, da aka buɗe kuma ba taswirar zinariya aka tarar ba, bayanin wani yammaci ne mai zafi. Raba dala 2,500 gida 159, Alhaji, ka ga ko akwai riba. Na yarda, a wannan ka ci ni.

Sai dai ga wani labarin da zai sa ka sake duba littafin shagonka. A da, a Landan akwai wani kantin tsofaffin littattafai a lamba 84 kan titin Charing Cross, masu shi suna rubuta kuɗin da suka sayi kowane littafi da haruffan sirri, don kada mai saye ya san uwar kuɗi ya kafe wajen ciniki. Ɗan gidan, Leo Marks, yana ɗan shekara 8 babansa ya nuna masa labarin Poe ɗin nan. Yaro ya gama karantawa, ya waiwaya ya buɗe sirrin farashin uban nasa. A Yaƙin Duniya na Biyu shi ne ya riƙe sashen rubutun sirri na hukumar da Ingila ke tura 'yan leƙen asiri da ita zuwa ƙasashen da Jamus ta mamaye. Wannan yaron naka mai shiru-shiru a bayan kanta, ka sa masa ido.

Hajiya, ke kuma da kike ta taɓe baki, naki ya fi na kowa sauƙi. A zamanin Sarauniya Biktoriya, masoyan da iyaye suka hana ganawa kan sayi fili a shafin ƙananan sanarwa na jaridar The Times su aika wa juna saƙo a ɓoye. Su wa ke karantawa? Manyan masana irin su Charles Babbage da Charles Wheatstone, dattawa masu mutunci, sun ajiye bincike sun koma leƙen wasiƙun yara. An ruwaito cewa Wheatstone ya buɗe saƙon wani ɗalibin Oxford da ke lallashin budurwarsa su gudu tare, sai shi ma ya sayi fili ya rubuta da sirrin nasu yana ba ta shawara kada ta kuskura. Ba a jima ba yarinya ta sanar da saurayin ya daina rubutu, asiri ya tonu. Wannan in ba gulma ba mece ce? Kuma ke da kika kwashe 'yanmatancinki kina zaurance da ƙawaye don kada samari su gane, yanzu kuma kike kasa kunne ki kama zaurancen jikokinki, ai ke tsohuwar 'yar ƙungiya ce, katin shaida ne kawai ba a ba ki ba.

Soyayya ma ta ja nata rabon. William Friedman, wanda tawagarsa ta buɗe na'urar sirrin diflomasiyyar Japan a 1940, binciken irin shuka ya je yi a cibiyar Riverbank ta jihar Illinois. A can ya tarar da Elizebeth Smith tana aikin neman saƙon ɓoye cikin tsofaffin bugun Shakespeare. Ya fara zuwa taya ta, wai ɗaukar hoton shafuka. A 1917 aka ɗaura aure, gona kuwa ba ta sake ganinsa ba.

Ni abin da na lura da shi, da wuya ka sami wanda son lissafi ne ya fara jawo shi. Wani zuciya ce ta ɗebe shi don an ce bai isa ba, wani son jin ƙwaƙwaf, wani kuwa mace ya biyo. Abin da ke riƙe su bayan sun shigo shi ne lokacin da kalmar farko ta faɗo. Ka yi ta kallon tarkace, can sai haruffa biyu su ba da ma'ana, su jawo na uku, na ukun ya buɗe wata kalma a can ƙarshen layi da ba ka ko kalla ba. Daga nan kira ya zo ko abinci ya huce, duk ɗaya ne a wurinka. Masu wannan lalura a Amurka har ƙungiya suka kafa wajen 1930, da mujallarsu The Cryptogram, kowane ɗan ƙungiya kuma da sunan ɓoye yake amsawa, kai ka ce wani laifi suke aikatawa.

Tunda dai kun ce ku kun fi ƙarfin abin, ga wani ɗan layi da Hausa, na san ba zai dame ku ba:

XBOEB ZB DF CB SVXBOTB HB TIJ EB CJSP B IBOOV

Haruffa 35 ne. Kada wanda ya ƙirga ya ga B ta fito sau 10, har ta tsaya ita kaɗai a wuri guda. Kada kuma wanda ya tambayi kansa wane harafi ne Bahaushe ba ya iya jimla sai da shi, ko ya tuna cewa kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa. ZB da CB da HB da EB, ku bar su inda kuka gan su. Malam, wancan fensirin na yara ne, a mayar musu. Hajiya, na ga leɓenki na motsi.