Wasiƙa Zuwa ga Taurarin GPS, Daga Wanda Ake Zagi a Madadinku

Ranku ya daɗe,

Ina fata kuna nan lafiya can sama, kilomita 20,200 daga ƙurarmu, kuna kewaya duniya sau biyu kullum babu hutu babu fashi. In kun tambayi lafiyarmu, alhamdu lillahi, sai dai zafi da tsadar data.

Bayan haka, ni mai haɗa manhajar waya ne a Kano. Tawa ta aike ce: mai saye ya yi oda, ɗan aike ya hau babur, wani shuɗin ɗigo a kan taswira ya riƙa nuna inda kowa yake. Ɗigon nan shi ne jarina, shi ne kuma ciwon kaina. Na san takardar nan ba za ta iso gare ku ba, don ba ku sauraron kowa sai iyayen gidanku, sojojin sararin samaniyar Amurka da ke Kolorado. Duk da haka gara in rubuta, ko na rage abin da ke cikina.

Ku sani sunanku ya ɓaci a garin nan. Kaya ya makara, satalayit ne. Ɗan aike ya tsaya shan shayi, satalayit ne. Akwai wani dattijo da ya riƙe ni a bakin masallaci yana tambaya, tsakaninsa da Allah, ko kuna hango tsakar gidansa, domin yana da iyali. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ko ido ba ku da shi. Ku masu shela ne kawai, kowannenku yana yawo yana faɗin abu biyu: ga ƙarfe nawa yanzu, ga kuma inda nake. Waya ce ke kasa kunne, ta auna jinkirin da kowace murya ta yi kafin ta iso, ta mayar da jinkirin nisa. In ta ji huɗu daga cikinku, ta san wurinta: uku na wuri, na huɗun na gyara agogonta, tunda agogon waya ba abin yarda ba ne. Ba ta aika muku ko sallama. Dattijon bai gamsu ba, ya ce ai mai leƙen asiri ba ya cewa yana da ido.

A gaskiya ban ga laifinsa ba, don kuna da tarihi. An harba na farinku a 1978 domin aikin soja. Sai da Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya ɓace hanya a 1983 sannan shugaba Reagan ya yi alkawarin a bar farar hula su amfana da ku. Ko bayan kun cika aiki a 1995, da gangan kuke gurɓata lissafin da kuke bai wa talaka, kuskuren ya kai mita 100, har zuwa watan Mayun 2000 da Clinton ya ce a daina. Wanda ya taɓa yin ƙarya bisa umarni, kada ya yi fushi in an ci gaba da yi masa kallon hadarin kaji.

Ba na raina ƙoƙarinku. Saƙonku yana gudun haske, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da mita 300 a ƙasa. Agogunanku na atam suna riga namu da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana, kamar yadda lissafin Einstein ya nuna, kuma da ba a gyara wannan ba da kuskuren ya riƙa ƙaruwa da kusan kilomita 10 kullum. An gyara. Madalla. To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, saboda haka bari in fara da naku kafin in sauko kan namu.

Na farko, muryarku. Kafin ta iso nan ta yi laushin da hayaniyar cikin wayar kanta ta fi ta ƙarfi, sai da dabara ake tsamo ta. Rufin kwano ya tare ta, rufin kankare ya kashe ta. Ku zo Kantin Kwari da rana tsaka ku gani. Lungu ne tsakanin benaye, sama an rufe da rumfa, abin da ya rage na sararin samaniya bai fi faɗin tabarma ba. Ɗan aike yana tsaye cak a gaban shagon atamfa, amma ɗigonsa yana tsalle daga wannan layi zuwa wancan, ya shiga bango ya fito, domin muryar da wayarsa ke ji ba kai tsaye ta zo ba, sai da ta bugi ginin da ke gefe ta dawo. Ta yi doguwar hanya, waya kuma ba ta san haka ba, sai ta ɗauka kun fi nisa. Hajiyar da ta yi oda tana gida tana kallon taswira, ta kira ni: “Malam, yaronku fa yawo yake da kayana.” Na kira yaron, ya ce, “Wallahi oga ko motsi ban yi ba.” Dukansu gaskiya suka faɗa.

Na biyu, nawar bakinku. A zamanin da yaro ke sauke fim a waya kafin shayinsa ya huce, ku har yanzu ɗigon bayani 50 kuke furtawa a daƙiƙa. Kafin ɗayanku ya gama bayyana hanyarsa an yi rabin minti, cikakken jadawalinku gaba ɗaya kuwa minti goma sha biyu da rabi. Shi ya sa waya ke zagayewa ta ɗauko wannan bayani ta intanet, ta same ku cikin daƙiƙu kaɗan. Ranar da datar ɗan aike ta ƙare, dole ya tsaya a fili ya jira ku gama jawabi, in kuwa ya kutsa ƙarƙashin gada a tsakiyar magana, sai a sake daga farko.

Akwai na uku, wanda rabinsa na unguwarmu ne. Allah Ya ajiye mu kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, yankin da saman iska mai cajin lantarki, wanda masana ke kira ayonosfiya, yakan hargitse bayan faɗuwar rana, musamman wajen Maris da Afrilu, da kuma Satumba da Oktoba. Saƙonku ta nan yake ratsowa, wani lokaci ya iso yana rawa, wani lokaci ya yanke. Wato daidai lokacin da ake odar abincin dare. Na ji kun ƙaro wani sabon zango da ake kira L5, kuma tun 2018 akwai wayoyin da ke jin zango biyu, su rage wannan matsala da ta amsa-kuwwar gine-gine. Mun gode, sai dai wayar da ke ɗaure a kan babur ɗin yarona, mai fasasshen gilashi da aka naɗe da salatif, ba ta cikinsu.

Nan laifinku ya ƙare, kuma in za a yi adalci bai kai rubu'in abin da ake ɗora muku ba. Sau da yawa ɗigon da ake zaginku a kansa ba ku ma san da shi ba. Waya in ta nemi muryarku ta rasa, ba ta cewa ban sani ba. Sai ta tambayi Wi-Fi ɗin maƙwabta, ta tambayi ƙarfen sabis mafi kusa, ta haɗa ƙiyasi ta miƙo da fuskar gaskiya. A ƙauyen da ƙarfe ɗaya ke ɗauke da gari da gonakinsa, ƙiyasin kan kauce da kilomitoci. Wani lokaci ma tsohon wuri take bayarwa, inda ta kwana jiya, manhaja kuma ta karɓa ba ta duba lokacin da ke jikinsa ba. Shuɗin da'irar da ke kewaye da ɗigo, wadda ba mai kula ta, ita ce wayar ke cewa “wajen nan dai”. A Android ma'anarta ita ce akwai tabbacin kashi 68 cikin ɗari kana ciki. Kusan sau ɗaya cikin uku ke nan kana waje.

Sai maganar izini, wadda ta tsufar da 'yan sana'armu. Tun Android 6 a 2015 sai manhaja ta roƙi mai waya kafin ta san inda yake. A 2017 aka ce manhajar da ba a buɗe take a fuskar waya ba, 'yan lokuta kaɗan za a ba ta wuri a cikin sa'a. A 2019 aka kawo “sai lokacin da nake amfani da ita”, a 2020 “sau ɗaya tak”, a 2021 kuma aka bai wa mutum zaɓi ya ba da ainihin wurinsa ko ƙiyasi mai faɗin kusan murabba'in kilomita 3. Ni dai ina goyon bayan wannan duka, don ba kowace manhajar tocila ce ta cancanci sanin inda mutum ke kwana ba. Amma ku dubi halina: mai saye ya danna ƙiyasi saboda tsoron 'yan damfara, sannan ya buga waya yana faɗa an kai masa shinkafa wata unguwa. Ga kuma masu tsimin batir da ke cikin wayoyin da suka cika kasuwa. Ɗan aike ya sa waya a aljihu, fuskarta ta mutu, mai tsimi ya shaƙe manhajata ba sallama. A taswira sai ka ga babur ya daskare a Ƙofar Nasarawa, can kuma ya ɓullo a Hotoro, ya ja miƙaƙƙen layi ta saman gidajen mutane.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni dariya, in ba a kaina ya faɗo ba. Kowane wuri lamba biyu gare shi, ta arewa da ta gabas. Kano tana wajen 12.0 arewa, 8.5 gabas. Taswirar Google ta arewa take so a fara ba ta, tsarin GeoJSON da muke ajiye taswirori da shi kuma ta gabas yake sawa a gaba. Mai haɗa manhaja ya yi gyangyaɗi ɗaya, lambobi sun juya. In a Landan ne, mutum tekun Indiya zai faɗa, gabas da Somaliya, nan take a gane an yi ɓarna. Mu kuwa Allah Ya jarrabe mu: juya lambobin Kano, sai ka sauka kusa da Ganye a jihar Adamawa, a kan busasshiyar ƙasa, cikin Najeriya. Duk wani shingen da aka sa na tambayar ko wurin yana cikin ƙasa zai ce e, a wuce. Sai manhaja ta lissafa kuɗin aike na fiye da kilomita 500 a kan kwanon ɗanwake.

Wanda bai je Ganye ba ya tafi teku. In waya ta ce ba ta da wuri, manhaja kuma ta cike gurbin da sifili biyu, to an ajiye mutum a mahaɗar sifilin arewa da sifilin gabas, cikin Tekun Gini, kusan kilomita 600 kudu da Akara. Babu tsibiri a wurin, amma a rumbunan bayanan duniya ya fi wasu birane yawan jama'a. Wayar gwajin da ke cikin kwamfutarmu kuma, in ba a canza mata ba, rantsuwa take tana harabar Google a Kalifoniya. 'Yan uwanmu na Maraɗi suna da tasu: wayar da aka saita da Faransanci waƙafi take sawa a inda muke sa ɗigo, sai 13.5 da 7.1 su tafi a matsayin 13,5,7,1, lamba biyu sun haihu sun zama huɗu. Ban manta da ɗan aiken da ya gano manhajar wurin bogi ba, wanda ke kwance a ɗaki ɗigonsa yana ta aiki a Zoo Road. Shi ma da aka kama shi, ku ya ambata.

Saboda haka yanzu in aka kawo ƙara ba na ɗaga kai sama. Tambayar ɗigon nake: yaushe aka haife ka, wa ya kawo ka, faɗin da'irarka nawa? Sai in duba izini, in duba mai tsimin batir, in duba wace lamba ce a gaba. In duk sun fita, sannan in ɗauki wayar in hau saman bene in ƙirga ku nawa take ji. Galibi takan ji ku da yawa, har da kishiyoyinku, GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, duk da cewa ko su suka yi aikin ku ake yi wa godiya, ko su suka ɓata ku ake zagi. Kuma ko an samu ɗigon daidai, aiki bai ƙare ba. Ghana ta fito da adireshin GhanaPostGPS tun 2017, mu kuwa a cikin Birni har gobe ɗan aike sai ya kira, a ce masa ya wuce masallaci, ya bar mai shayi a hagunsa, gida na uku mai dakali. Na ƙara wa manhajata gurbin rubuta kwatance, kuma ya fi duk wani gyaran da na yi rage ƙorafi.

Roƙona ɗaya ne. Tsohon saƙonku makonni 1,024 kawai yake iya ƙirgawa, in ya cika sai ya koma sifili. Ya yi haka a watan Agustan 1999, ya sake a ranar 6 ga Afrilun 2019, wasu tsofaffin na'urori suka wayi gari sun koma baya kusan shekara ashirin. Na gaba yana nan tafe a Nuwamban 2038. Don Allah ku sa baki iyayen gidanku su yi shela da wuri, da Hausa in da hali, domin na san wayoyin garin nan: wadda ke kan babur ɗin yarona za ta kai lokacin, an dai canza mata gilashi.

A gaida na kusa da ku. Haza wasalam.

Naku,
Mai haɗa manhaja, Kano